Hoton Ranar Tasha

Talata, 5 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa ga ta nan mai yawa, ban auna ba, na zubo miki ne kawai. Ina fatan sanyin dutsen nan naku bai cinye miki hanci ba. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ta koma sanar da ni zuwan ruwan sama kafin rediyo. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta daina shan sukari. Ni dai na isar da saƙo, ban ce na shaida ba.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna, don ubanki ya yi aika-aika.

Ambulan ɗinki ya iso ranar Alhamis. Na buɗe shi a shago, na ga hoton, na ƙwala wa mai askin da ke jikin shagonmu kira, na ce zo ka ga abin da 'yata ta bar gida shekara shida tana nema, maganin sauro ne aka kunna a cikin duhu. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce a'a, ruwan wanki ne yana bin magudana. Sai na karanta masa abin da kika rubuta a bayansa, da muryar mai karanta labarai: "Baba, wannan gari guda ne na taurari, murɗaɗɗe. Ka duba ɗigon da ke gefen hannunsa na ƙasa, ta hagu. Saboda shi na yi kwana uku ban runtsa ba."

To, Uwata, ki yi mini adalci. Shekara talatin da huɗu ina sana'ar hoto. Idan mutum ya miƙo mini hoto ya ce ga wani ɗigo ya hana shi barci, me yake nufi? Ƙura ce ta hau fim. Tausayinki ya kama ni. Na ce yarinyar nan tana can cikin masu digiri, ga na'urar hangen nesa da ta fi ɗakinmu girma, amma an rasa mai goge mata gilashi. Na ɗauko burushina mai gashi uku, wanda na cire wa rabin unguwar nan ƙuraje da shi, na jiƙa tawada, na ɗora tabarau kan tabarau. Minti ashirin. Wallahi ko ke ba za ki gane inda ɗigon ya taɓa zama ba. Na daɗe ban yi aiki mai kyau irin wannan ba.

Sai da na zo mayar da shi ambulan na ji wata takarda ta maƙale a ciki. A nan na karanta cewa ɗigon tauraro ne da ya fashe, kuma duk cikin abokan aikinki idonki ne ya fara ganinsa. Wato abu ya yi shekara miliyan ban-san-nawa-ba yana tafe, ya tsallake duk abin da zai tsallake, ya iso lafiya, sai ya faɗo hannun mutumin da ya bar makaranta a aji biyar. Mai aski ya yi dariya har ya zaftare wa wani direba rabin gashin baki. Yanzu duk inda na gifta a layin nan sai in ji an ce ga Mai Kashe Tauraro.

Da na zauna ina kallon ɓarnata, sai na tuna ki kina shekara shida, a ɗakin duhu, a tsaye kan akwatin lemo, kina ƙirga mini daƙiƙa saboda agogona ya mutu. Kullum sai kin tsallake sha bakwai. Hotunan shekarar nan duk sun ɗan yi haske, kuma babu wanda ya taɓa kawo ƙara, don kowa ya ga ya yi fari.

Maganar hoton tasha da kika sake tambaya a ƙasan takarda, naki da Mamanki, Allah ya jiƙanta: yana nan. Ina nema. Kin san yadda shagon yake.

Kada ki ce in kira ki a waya mu yi maganar. Waya ba ta barin mutum ya shirya uzurinsa a natse.

Babanki,
Mai Kashe Tauraro


Lahadi, 24 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, da Gwaggo, da gwiwar. Ka riƙa shafa man da likita ya ba ka, ba ka ajiye shi kana kallo ba. Ni ina lafiya, hancina yana nan.

A ɗakin cin abinci na karanta wasiƙarka, na yi dariya har shugabar sashenmu ta taso ta bubbuga mini baya, ta zaci na ƙware. Ka kwantar da hankalinka, tauraron yana nan inda yake, burushinka bai kai can ba. Zan aiko maka da wani. Wanda ka gyara kuma kada ka yar, ka ajiye mini, ina so.

Ka tambaye ni bara ko ƙyas ɗaya muke yi mu tashi. Ina! Kai mutane kake ce wa kada su motsa na daƙiƙa ɗaya. Ni sama ce ba ta jin magana, juyawa take yi ba tsayawa, sai na'urar ta riƙa binta a hankali yadda ko ido ba ya ganin motsin. Rufin ɗakin na'urar ya buɗe, mu buɗe idon kyamara minti goma cur, mu rufe, mu sake. Ni ina ƙasa a wani ɗan ɗaki da bargo a kafaɗa, ina addu'ar kada gajimare ya zo. Wani lokaci sai in ji ina ƙirgawa a baki, kuma yanzu ina faɗin sha bakwai. Hasken da ke shigowa ya baro can tun kafin a yi mutum a duniya, saboda haka abin da ka riƙe a hannunka ba yadda garin yake yau ba ne, yadda yake a da ne. Tsohon hoto ne, irin na durowarka.

Baba, yanzu ba wasa. Shekara shida kana nema, shagon kuwa taku huɗu ne da biyar. Ka san Mama ba ta yarda a ɗauke ta, cewa take warin ruwan wanke hoton da ke jikin rigarka ya ishe ta. Abin da nake da shi kawai na katin shaida ne, wanda ta ɗaure fuska kamar an zo karɓar haraji. Amma ranar da zan tafi ita da bakinta ta ce maka, "Mai hoto, ɗauke mu." Na ji ƙarar kyamararka. Daga ranar ban sake ganinta ba.

Muryarta tana kunnena har gobe. Fuskar ce ta fara guje mini. In na rufe ido sai ta katin shaida ta zo, kuma ba ita ba ce. In ya ɓata ne, ka gaya mini ya ɓata.

'Yarka


Asabar, 13 ga Afrilu

Uwata,

Na ga saƙo, na ga sabon hoton. Na rataye shi can sama inda hannuna ba ya kaiwa sai da kujera, burushin kuma na ba mai aski ajiya. Muna lafiya. Man gwiwa ina shafawa duk ranar da Gwaggonki ta sa mini ido.

Labarin da ke nan shi ne mai gidan shago ya ce ɗansa zai buɗe wurin sayar da waya, in tashi kafin ƙarshen shekara. Ban yi masa gardama ba. Watan jiya mutum uku suka shigo, biyu inuwa suka zo sha, na ukun hanyar asibiti yake tambaya. Waya ta kashe sana'ar, yanzu kuma za ta gaji ɗakin. Ko kunya babu.

Sai na fara kwashe durowa. Uwata, ashe rabin unguwar nan a akwatina suke kwance. Na ɗaga wani fim a taga na ga tela da gashinsa cif a kai, ya dafa rediyon da ba nasa ba. Na ga malamar ajinku ta rungume furen roba na shagona, wanda kika ciji ganyensa kina rarrafe, har yau shatin haƙoranki biyu yana jiki. Na ga mutanen da na raka makwancinsu suna murmushi saboda na ce musu su dubi kyamara, ga tsuntsu nan zai fito. Kwana uku ina abu ɗaya, aikin bai ci gaba ba. Masu kyau na ware zan bi gida-gida in mayar. Duk wanda ya lalace kuwa na tara, buhu biyu, na ba masu kwasar shara.

Shi kuwa hoton tasha, Uwata, ki cire shi daga ranki. In fuskar Mamanki kike nema, ki jira ranar da wani ya ɓata miki rai, ki duba madubi. Ita ce sak, har da girar.

Ki gaishe mini da shugabar da ta bubbuga miki baya.

Babanki


Laraba, 17 ga Yuli

Uwata,

Wata uku da kwana huɗu babu wasiƙarki. Mai kawo wasiƙu yanzu tun daga bakin layi yake girgiza mini kai don kada in taso da gwiwata. Na san kina lafiya, don Gwaggonki ta ce kun yi waya sau biyu, kuma kin tambayi gwiwar amma ba ki tambayi mai ita ba. Ta zo shago jiya ta wanke ni tas a gaban mai aski. Ta ce, "Yaya, kai komai wasa? Yarinya ta ce maka fuskar uwarta tana ɓace mata, ka ce ta duba madubi?" Ta kuma ce kin fahimci cewa na haɗa fim ɗin tasha cikin buhun shara. Na ɗauko abin da na rubuta a zuciyata na sake karantawa, na ga ko ni aka aiko wa haka zan fahimta. Aji biyar ne, ba ya ɓuya.

Ban zubar ba. Ga gaskiyar, kuma yau ba zan yi mata kwalliya da burushi ba.

Ana gobe za ki tafi, an ɗauke ni aikin tseren makaranta, da tsakar rana, rana kamar ta fasa kai. Na matse idon kyamara ya koma kamar kafar allura, na sa ta a mafi saurin ƙiftawa saboda masu gudu. Na dawo a gajiye na rataye ta. Da safe muka fita tasha, gari bai gama wayewa ba, ga hadari, ga mu ƙarƙashin rufin kwano. Mamanki ta ce in ɗauke ku. Shekara ashirin da biyar ina roƙon matar nan ta tsaya mini, sai a wannan ranar ta yarda. Na ɗaga kyamara, idona ya cika da ruwa, na ce muku hayaƙin mota ne. Na danna sau huɗu. Ban duba komai ba. Abin da nake koya wa duk wanda ya taɓa riƙe mini kyamara a ranar farko, shi na manta.

Da yamma na wanke fim ɗin. Gida huɗun da na ɗauka a fim ɗin, fari fat kamar gilashin taga. In ka karkata shi a haske kana iya ganin wata inuwa-inuwa, wataƙila ɗankwalinta, wataƙila son zuciyata.

Ta tambaye ni bayan kwana biyu, na ce takarda ta ƙare. Ta tambaya bayan wata ɗaya, na ce ruwan wankin ya tsufa, sai an kawo sabo. Ba ta sake tambaya ba sai a asibiti, saura kwana biyar ta rasu. Ina ɓare mata lemo ta ce, "Mai hoto, ba mu fito ba ko?" Na ce kun fito mana, kun yi kyau. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Allah ya shirye ka." Shi ke nan maganar da muka yi a kai.

Na cire wa mutane tabo, na mayar wa wasu haƙori, na taɓa sa wa wani ango kunnen da babu shi. Abu ɗaya da matata ta taɓa nema a sana'ata, na kasa. Shi ya sa nake ta nema, Uwata. Muddin ina nema, hoton yana nan, kuma ni mai hoto ne.

Fim ɗin yana cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadona, na naɗe shi a takarda. Babu komai a jikinsa, amma hannuna ya ƙi kai shi shara.

In za ki yi fushi, ki yi shi a rubuce. Shirun nan ya fi ƙarfina.

Babanki


Juma'a, 2 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka, kai da kanka, ba gwiwar kaɗai ba. Ka yafe mini shirun. Na zaci ka zubar, na rasa abin da zan rubuta wanda ba zan yi nadamarsa ba. Na yi kuka da na karanta taka, na ji haushinka, sannan na koma kan layi ɗaya na karanta shi sau uku.

Sau huɗu ka ce ka danna? Daga wuri ɗaya, ba ka matsa ba?

Baba, kada ka taɓa shi. Kada ka goge, kada ka hura, kada ka karɓo burushin nan daga wurin mai aski. Ka sa shi tsakanin kwali biyu masu ƙarfi ka aiko mini ta gidan waya, irin saƙon da sai an sa hannu ake karɓa.

Abin da kake kira babu komai, shi ne aikina na kullum. Garin taurarin da ke rataye a shagonka, in ka ga ɗauka ɗaya daga cikinsa za ka rantse an manta da murfi a bakin kyamara. Baƙi ne kawai da ɗan dishi-dishi. Sau arba'in muka ɗauka, muka jera su a kwamfuta ɗaya kan ɗaya. Dattin fim da na na'ura kowane ɗauka wurinsa daban, sai ya riƙa dusashewa. Abin da yake can da gaske kuwa kullum yana wuri ɗaya, sai ya riƙa ƙarfi har ya fito. Akwai wani abokin aikina mai na'urar karanta tsohon fim, ya ce zai ba ni ita ranar hutu.

Huɗu ba arba'in ba ne, ban yi maka alkawari ba. Wataƙila ɗankwalin kawai za mu samu. Amma haske ya shiga kyamararka ranar, ko yaya ne, kuma ka ajiye shi.

Ka ce wa Gwaggo na gode da wankin.

'Yarka


Litinin, 23 ga Satumba

Uwata,

Muna lafiya, duk da cewa Gwaggonki ta kwana biyu idonta a kumbure, kuma laifinki ne.

Ambulan ɗinki ya iso. Na kai shi gida ban buɗe a shago ba, don ba na son mai aski ya ga abin da hayaƙin mota ke yi mini. Na duba cikin ambulan sau biyu ko akwai takarda ta biyu, na karanta ta tukuna kamar mai hankali. Kin ce da ƙusoshin ginshiƙin tasha kika daidaita gida huɗun, yadda kuke daidaitawa da taurari. Ban gane duka ba, amma na ji daɗi da aka samu ƙusa ta yi amfani a ilimin sama.

Sannan na juya hoton.

Ya yi tsaki-tsaki kamar an zana shi da yashi, kuma da a ce wani yaron shago ne ya kawo mini irinsa a da, da na ce ya sake. Amma ita ce, Uwata. Ba ta katin shaida ba. Ta tsaya ƙyam a duk huɗun, matar mai hoto, ashe duk shekarun nan tana jin abin da nake gaya wa mutane. Girar nan ta ɗaga ɗaya. Bakinta ya ɗan buɗe ta gefe, kuma na san abin da ke shirin fitowa, don na ji shi ranar: "Ka yi sauri, malam, mota za ta tashi." Dariya take dannewa. Ni take kallo. Na zauna bakin gado da shi tun bayan azahar har aka kunna fitilun layi, ban san lokacin ya tafi ba.

Ke kuwa, ranki ya daɗe, masaniyar taurari, mai bin sama a hankali don kada ta motsa: kai huɗu gare ki. Ɗaya yana kallon mota, ɗaya yana kallon jaka, ɗaya yana kallonta, na huɗun ban san inda ya nufa ba. Hayaƙi ne kawai a tsaye cikin riga. Gwaggonki ta ce wannan wace ce, na ce 'yarki ce, ta ce a'uzubillahi. Wuri ɗaya tak ya fito a jikinki sarai, kafaɗarki ta dama, inda ta dafa. Ta danne ki da ƙarfi har yatsunta sun shige cikin rigar. Nan kaɗai kika tsaya.

Kin rubuta cewa yanzu babu sauran bashi a kaina, in daina zargin kaina. Na gode, amma ban yarda ba. "Ɗauke mu" aka ce mini, mutum biyu. Ɗaya ta fito, ita ma ke kika fito da ita, ni dannawa kawai na yi. Saura ke.

Makullin shago zan miƙa ƙarshen wata mai zuwa. Na sayar da fitilu da kantar shagon, amma kujerar ɗaukar hoto da labulen bayanta na kawo su gida, suna falo, Gwaggonki tana ta tuntuɓe da su tana yi mini addu'ar da ba ta shiga wasiƙa. Na sa an nemo mini fim sabo guda ɗaya, yana cikin firji kusa da maganin Gwaggonki. Kin ce kina da hutu a Disamba. Hasken tagar falo ya fi kyau kafin ƙarfe goma, saboda haka ki yi shirin tashi da wuri, ke da kika saba kwana da rana. Ki zo da haƙuri kuma, don sai na duba idon kyamarar nan sau goma kafin in danna, kuma babu mai dafa miki kafaɗa, da kanki za ki tsaya.

Babanki,
mai hoto